Daga Tubali Zuwa Bulo: Tarihin Gyaran Gidan Gado

  

Yau hirar tamu a kan gida za ta tsaya, wato wannan gidan da kike zaune cikinsa yanzu haka. Da yawa daga cikinmu gidan gado aka kawo mu, gidan da kakan maigida ya gina, ubansa ya ƙara, shi ma ya zo ya tarar. Sai wata rana ki ji maza sun taru a zaure ana shawara: a rushe soron nan, a kawo bulo, a fitar da falo, a sa bayi a cikin ɗaki, a buɗe shago ta waje. To 'yar uwa, shawarar da aka yanke a zaure, a cikin gida ake zama da ita. Shi maigida da hantsi ya fita kasuwa ko ofis, sai dare. Ke ce za ki yini a ciki, da zafinsa da hayaƙinsa da ƙuncinsa ko yalwarsa, wataƙila har shekara talatin ko arba'in. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin gidan Bahaushe, mu ga yadda aka yi ta gyara shi tun zamanin kakanni, abin da kowane gyara ya kawo wa mace, da abin da ya ƙwace mata.

Bari mu fara da Kano. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suka yi ta zama fiye da shekara ɗari biyar. Tsohon littafin tarihin Kano ya lissafa abubuwan da Rumfa ya fara, kamar kasuwar Kurmi da faɗaɗa ganuwa, kuma a cikinsu har da kulle. Kin ga ke nan tun asali kulle da tsarin gini tare suka taso. Wanda ya ce mace ta zauna a gida, dole ya yi mata gidan da za ta iya zama. Kuma idan kika dubi Gidan Rumfa, sashen mata ba wani ɗan lungu ba ne da aka rakuɓe a ƙurya. Unguwa ce guda, da tsakar gidaje da hanyoyi da bishiyoyi, har masu binciken tarihin fadar sun nuna cewa a zamanin da matan cikin gida suna da hannu a harkar hatsi da ta rini a nan ciki.

Gidan talaka bai kai na sarki ba, amma tsarin ɗaya ne. Daga titi sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, malam ke karantar da almajirai, maɗinki ko masaƙi ke aikinsa. Ka wuce zaure ka faɗa ƙofar gida, wani ɗan fili inda ake ɗaure doki ko jaki, inda ɗakin samari da na baƙi suke. Daga nan sai shigifa, soro na biyu, wanda namijin da ba muharrami ba nan ne iyakarsa. Bayan shigifa ne cikin gida: turakar maigida, ɗakunan mata, madafi, rijiya, rumbu, makewayi a can gefe. Ki lura da wata dabara da magina suka yi, wadda wataƙila kullum kina wucewa ta ciki ba ki taɓa kula ba. Ƙofar shiga zaure da ƙofar fita ba sa kallon juna. An karkatar da su ne da gangan, don mai tsayuwa a titi kada idonsa ya zarce har tsakar gida. Da wannan 'yar karkatarwa kaɗai mace ta samu damar ɗaura zani ta yi daka, ta yi wanki, ta yi kitso, ta shayar da jariri a sarari, sama a buɗe, iska na kaɗawa, babu mai ganinta.

Tsakar gidan nan kuwa ita ce komai namu. Nan ne kasuwarmu, nan ne ma'aikatarmu. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ƙosai, fura, ɗan wake, daddawa, kaɗin zare, ɗinkin hula, saƙar tabarma da faifai, duk a tsakar gida aka yi su, yara suka ɗauka suka kai talla. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu ya zama wata kasuwa mai zaman kanta wadda baƙo ba ya gani. Mu dai ba sai Baturiya ta gaya mana ba. Wacece a cikinmu ba ta san uwar da ta yi wa 'yarta kayan ɗaki da kuɗin tuya ba? Ki riƙe wannan a ranki, don za mu dawo kansa: duk taku ɗaya da aka rage daga tsakar gida, daga jarin mace aka rage shi.

To da me aka gina waɗannan gidaje? Da ƙasar da ke nan gefe. Kududdufan da kike jin labari a tsofaffin unguwanni, yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. A kwaɓa ƙasa da ruwa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana ta tsima, sannan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango, yara na jefa masa tubali da curin ƙasa yana cafewa yana jerawa. Bangon daga ƙasa kauri gare shi, ya fi kamu guda, yana hawa yana sirancewa. Rufi kuma da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, don gara ba ta cika cinta ba. A jera azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a kafa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango. A saman ginin a fitar da zanko, waɗannan 'yan ƙahonnin da ke yi wa soro kwarjini.

Maganin ruwa ma suna da shi. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a haɗa da ƙasa a shafe bango. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi, da gashin da majema ke karkarewa daga fata, da dafara. Kin ji yadda sana'o'i ke ciyar da juna: abin da marini ya zubar, da abin da majemi ya zubar, shi ne magini ke tsinta ya kare rufin soro da shi. Mu mata ma muna da namu aikin a ginin. Daɓe namu ne. Idan za a kawo amarya, matan unguwa su taru da maɗaɓai, a zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasan ɗaki ya yi sumul yana ƙyalli. Tsofaffinmu da suka yi wannan aiki suna nan da rai, ki tambaye su ki sha labari.

Abin da nake so ki fahimta a nan shi ne, gidan ƙasa ba a taɓa gama shi. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe tsagar rufi. Ɗa ya isa aure, a yanka masa sashe. An ƙara mata, a ƙara ɗaki. Tsohuwa ta rasu, ɗakinta babu mai shiga, a bar shi ya zube, ƙasarsa a kwaɓa a yi wani ginin da ita. Gidan yana faɗi yana tsukewa daidai da mutanen da ke cikinsa. Saboda haka idan maigida ya ce za a gyara gidan gado, ba wani sabon abu ya kawo ba. Kakanninsa ma abin da suka yi ke nan kowace rani.

Kada kuma wani ya raina miki ginin ƙasa ya ce aikin rashin sani ne. Magina suna da sarkinsu, Sarkin Magina, sana'ar kuma gado ce. A Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, aka yi wani magini da ake kira Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wasu kuma su ce Muhammadu Durugu. Shi ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, da ginshiƙai da bakan gizo da tulluwa, duk da ƙasa da azara, babu rodi ko ɗaya. Ita azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufi idan faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da tsawo amma babu faɗi. Gwanayen magina sai suka gano yadda za su ɗaure azara bisa azara, suna tanƙwaro ta daga bango biyu har ta haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Wannan ne bakan gizo, idan kuma suka gicciya a tsakiya a ce ɗaurin guga. Idan akwai irin wannan soro a gidanku, 'yar uwa, dukiya kike kwana da ita, don masu iya yinsa yau 'yan ƙalilan ne.

Canji babba ya fara ne da zuwan Turawa. Sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ke dawowa da kwanon rufi da siminti da ƙusa da katako. Abin dariya, su Turawan farko da ginin ƙasa suka zauna. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, gidan ƙasa ya zauna a ciki, da zankwayensa da zanensa. Gidan Ɗan Hausa yana nan tsaye ya haura shekara ɗari, mutane na zuwa kallo. Me ya tsayar da shi? Kula. Ba a bar ruwa ya kwanta masa a ka ko a gindi ba.

A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kuma kawo wutar lantarki birnin Kano. Duk macen da ta taɓa jan guga da tsohon ciki ta san famfo rahama ne. Sai dai ruwa mai yawa a gidan da aka tsara don ruwan tulu, dole a yi masa hanyar fita, in ba haka ba gindin bango zai sha. A wannan zamanin ne kuma aka sāke ginin babban masallacin Kano da siminti, aka buɗe shi a 1951. Idan masallacin gari ya koma siminti, me kike tsammani attajirai za su yi da gidajensu?

Da farko siminti ado aka yi da shi. A shafe fuskar zaure, a zana dagi, a zana takobi, har keke da agogo da jirgin sama magina suka riƙa zanawa a ƙofar gidajen masu hali a Zariya da Kano. Daga baya kamfanonin siminti suka buɗe a cikin ƙasa: Nkalagu a 1957, na Sakkwato a 1967, na Ashaka a 1979. Tsakanin nan kuɗin man fetur suka shigo, ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, aka shiga gine-gine ba ji ba gani. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti mai yawan da ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko wata da watanni suna jiran a sauke su. Tun daga lokacin bulo da kwano suka zama alamar arziki, ginin ƙasa kuma ya koma abin da ake jin kunyarsa. Har masallacin Babban Gwani a Zariya bai tsira ba, a shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare.

A nan bari in ɗan taɓa mu, don kada a ce laifin maza ne kaɗai. Kayan ɗakinmu ma sun tura gini. Kakanninmu jerensu ƙorai ne da tasoshi, gadon kara ko na ƙasa, sai tabarma. Iyayenmu suka zo da kwalla da langa da samira, da gado mai rumfa. Mu kuma muka zo da kabet da sif, da kujerun kushin saiti guda, da firij, da gadon da sai an kwance shi kafin ya shiga ƙofa. Ɗakin da azara ta yanke wa faɗi ƙafa shida ko takwas, ina zai ɗauki wannan? Sau nawa aka rushe soro mai lafiya don kawai kayan amarya sun ƙi shiga? Ni dai ban ce a koma gadon kara ba. Amma kafin a ce wa kafinta ya yi gado, a auna ɗakin tukuna, ya fi sauƙi a kan a auna gado sannan a rushe ɗaki.

Tsarin gidan ma ya canza. Gidajen ma'aikata na unguwannin Turawa, da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnatin Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983, sun saba wa mutane da gida mai falo, ɗakuna da kicin da bayi duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, fili kuma a waje ta gaban gida. Wannan tsari an yi shi ne don matar da ke fita aiki da safe ta dawo da yamma. Da aka sa matar kulle a ciki, sai ga shi ba ta da inda za ta ga rana ba tare da mayafi ba. Shi ya sa za ki ga waɗanda suka samu irin waɗannan gidaje, abin da suka fara yi shi ne tayar da katanga a baya, su fitar da tsakar gida, su yi rumfar girki. Wato sun mayar da abin da mai zanen ya manta. Sannan ga damina mai ƙarfi irin ta watan Agustan 1988 a Kano, lokacin da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa suka zube. Wanda ya ga bango ya faɗa wa maƙwabcinsa, ba za ka ga laifinsa ba idan ya ce shi da ginin ƙasa har abada.

To yanzu ga mu a yau, ga gidan gado, ga maigida ya tara 'yan kuɗinsa. Me tarihin nan ya nuna mana game da inda gyara ke ɓaci?

Wuri na farko da aka fi yin asara shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa a ɗauka an gama da yaɓe har abada. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin laima ta fita da sauƙi, kuma su biyun ba sa kama juna sosai. Da zarar shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, sai ya yi ta cin bango a ɓoye, daga waje kuwa fes. Ki ƙwanƙwasa bangon ɗakinki da hannu. Idan kika ji yana amsawa kamar ganga, shafen ya rabu da ƙasa, a kira magini tun kafin ruwa ya sauka. Wanda ya san aiki yakan kafa ƙusoshi ko 'yar waya a jikin bango kafin ya shafa, ya kuma ɗaga gindin ginin da dutse ko kankare, ya tabbatar rufi ya zarce bango don ruwa ya zuba nesa. Kuma idan an zuba siminti a tsakar gida, a karkata shi zuwa magudana. Na san gidajen da sabon daɓen siminti ya fi ƙasan tsofaffin ɗakuna tudu, ruwan farko ya shiga har ƙarƙashin gado.

Sai zafi. Bangon ƙasa mai kauri da rufin soro suna riƙe zafin rana, ba ya isowa ciki sai can dare ya yi, lokacin da ake iya fitowa tsakar gida a shimfiɗa tabarma. Da hunturu kuma ɗakin ya riƙe ɗumi. Bulo siriri da kwano kuwa, rana na take tsaka ɗaki ya zama tanda. Maigida ba ya nan da azahar, ke da jariri da tsohuwa kuke ciki, wutar lantarki kuma kin san halinta. Idan dole sai an yi kwano, ki roƙa a ɗaga ginin ya yi tsawo, a yi silin, a bar kafofin iska a sama, taga biyu su kalli juna. Wasu kuma sukan bar rufin soron yadda yake, su ɗora kwano a samansa kamar laima, kwanon ya tare ruwa, ƙasar ta tare zafi. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ta fi rushewa arha.

Yanzu mu dawo kan tsakar gida. Gidan gado kullum mutanensa ƙaruwa suke, fili kuwa ba ya haihuwa. Kowa na son ɗaki da falo da bayi nasa, kuma wurin da ake gani a sarari shi ne tsakar gida. Yau a ci taku uku, baɗi a ci huɗu, har a wayi gari abin da ya rage wani siririn lungu ne da ko turmi ba zai zauna ba. Daga nan shanya ta koma kan katanga, yara su koma titi, tuyar ƙosai ta mutu, hayaƙi ya rasa hanyar fita. Wasu ma har rufe saman tsakar gidan suke da kwano, wai don ruwa da ƙura, sai gida ya yi duhu da rana tsaka. Idan an sa kicin na zamani da gas, madalla, amma a yi masa taga babba, tukunyar gas kuma ta zauna inda iska ke ratsawa. A bar miki rumfar murhu a waje don ranar suna da biki da girkin sana'a. Gawayi a rufaffen ɗaki da janareto a bakin taga kuwa, hayaƙinsu ba ya wari sosai amma yana kisa, an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta haka.

Bayi a cikin ɗaki jin daɗi ne, musamman ga mai jego da tsofaffi da masu lalura, ba mai musun wannan. Amma ruwansa ina zai tafi? Magabata sun san abin da suke yi da suka kai masai can ƙarshen gida, nesa da rijiya. Masana lafiya kan ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin bayi da rijiya, a cikin tsohon birni kuwa wani gidan gaba ɗayansa bai kai haka ba, ga kuma ramin maƙwabta a bayan katanga. Idan aka haƙa sokawe kusa da rijiya, to ruwan rijiyar ya tashi daga na sha, sai dai wanki, ko a tafasa. Amai da gudawa da taifot ta irin wannan hanya suke shigowa gida. Haka nan bututun ruwa kada a binne shi a cikin bangon ƙasa, a bi da shi ta waje inda za a ga yoyo da wuri.

Zaure fa? Shi ne aka fi yi wa kallon wurin banza. A mayar da shi shago, ko a fasa a sa get don mota ta shiga. Kuɗin haya abin so ne, amma ki yi tambaya ɗaya: idan an buɗe ƙofa, wa zai gan ni? Idan amsar ita ce duk mai wucewa, to a bar ko da ƙaramin soro ne mai karkatacciyar ƙofa, ko a gitta 'yar katanga. Haka batun bene. Wanda ya hau sama ya buɗe taga ta kalli tsakar gidan maƙwabta, ya kulle matan wancan gidan a ɗaka ke nan. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan hana buɗe taga ko ƙofar da za ta tona asirin maƙwabci, kuma rigingimu da yawa da ke zuwa gaban mai unguwa daga nan suke tashi.

Akwai kuma maganar da ake jin nauyin yi, maganar gado. Gidan da ba a raba ba, 'ya'ya mata suna da haƙƙi a cikinsa, matan mamaci ma haka. Shari'a ta ba mace rabin rabon ɗan'uwanta namiji, ta ba matar mamaci kashi ɗaya cikin takwas idan ya bar 'ya'ya. Sau da yawa wani ɗan'uwa mai hali yakan zuba kuɗinsa ya gyara gida, shekaru su wuce, 'ya'yansa su taso suna cewa gidan ubansu ne, gwaggo ta dawo zawarci ta tarar ɗakin uwarta ya zama falon wani. Kafin a sauke yashi tifa ɗaya, magada su zauna, maza da mata, a san na wa da na wa, a rubuta a gaban shaidu. Idan ke ma kin sa kuɗin adashenki ko kin sayar da tunkiya aka sayi kwano, ki sa a rubuta, bashi ne ko kyauta. Ba rashin yarda ba ne. Su 'ya'yan da za su zo ba su ga ranar da kika bayar ba.

Kada ki ɗauka kuma ginin ƙasa ya ƙare. 'Yan uwanmu na Nijar sun nuna akwai sauran magana. A garin Yama da ke jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta duniya a 1986. A ƙauyen Dandaji kuma, can jihar Tawa, tsohon masallacin ƙasa ya tsufa har ana maganar rushe shi. Wata 'yar Nijar mai ilimin zanen gine-gine, Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gyara tsohon ginin ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. Sun gayyato magina na gargajiya suka yi aikin tare. Shi wannan tubalin inji ɗan siminti kaɗan ake sa masa, kusurwarsa tsaf kamar bulo, sanyinsa kuma na ƙasa. Mata biyu ne fa suka zana wannan aiki. Ki gaya wa 'yarki mai son lissafi da zane a makaranta.

Na san wata za ta ce, to ni da ba a shawara da ni, ya zan yi? Uwargida ai kin fi ni sanin lokacin da maigida ke sauraro. Ba a tsakiyar leburori za ki ɗaga murya ba. Bayan ya ci tuwo ya sha ruwa, ki ce, “Maigida, da za a taimaka a bar mini wajen turmi da igiyar shanya, a kuma dubi inda ruwa zai bi.” Ki jawo uwar miji cikin maganar idan tana da rai, don ita ta san inda ruwa ke kwanciya a gidan tun kafin a haifi birkilan da za a kira, ta san inda tsohon masai yake da aka cike, wanda bai kamata a ɗora gini a kansa ba. Idan kuna da yawa a gidan, ku haɗa baki ke da abokiyar zamanki da matan 'yan uwansa, a auna wa kowacce daidai.

A yi aikin da rani, daga bayan kaka zuwa kafin bazara ta yi nisa, kada ruwa ya tarar da ɗaki a buɗe. A yi shi sashe-sashe don ku samu inda za ku koma da yara, a kuma kafa zana ko labule tsakaninku da masu aiki. Azarar da aka sauke daga tsohon rufi kada a faskara ta a murhu, mai lafiyarta tana sake aiki, masu gini suna saye. Tsohuwar ƙofa ta katako mai ƙusoshin maƙera ita ma a adana ta. Idan kuma akwai dalbejiya ko mangwaro ko zogale a tsakar gida, a ja layin gini a kauce musu, in dai saiwar ba ta shiga ƙarƙashin bango ba.